Neman shawara kan shigar da yaro makarantar Katolika ta maza mai zaman kanta

Baban Iliya ya rubuta:

Ina gaishe da iyaye da malamai da ke wannan zaure. Ɗana na fari zai kammala firamare a ƙarshen shekarar karatu mai zuwa, kuma hankalina da na mahaifiyarsa ya karkata ga wata sakandare ta Katolika wadda maza zalla take ɗauka. A takardar bayanin da suka ba mu an rubuta cewa makarantar mai zaman kanta ce, wata ƙungiyar masu hidimar coci ce ta kafa ta, kuma ba ta ƙarƙashin ofishin ilimi na dayosis, wato yankin cocin da bishop ke shugabanta. Mu Kiristoci ne, amma ba 'yan ɗarikar Katolika ba ne, saboda haka wasu abubuwa sun shige mana duhu.

Fom ɗin neman shiga ya buƙaci takardar baftisma da wasiƙa daga Fadan ikilisiyarmu, alhali mu fasto muke da shi. Ina so in san ko wannan yana nufin ba mu da rabo tun daga farko, ko kuwa akwai hanyar da irinmu suke bi. Ina kuma so in fahimci wane ne yake da ta cewa a irin wannan makaranta idan ba dayosis ba, da abin da za a ɗora wa yaro na ibada idan ya shiga. Sannan sun haɗo da wata doguwar yarjejeniya da za mu sa wa hannu tare da biyan kuɗin kama gurbi, kuma ban saba ganin irinta ba. Duk wanda ya taɓa bin wannan hanya, ina roƙon ya haska mana.

Malam Bitrus ya amsa:

Baban Iliya, barka da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka fara bincike tun da sauran lokaci. Na koyar a irin wannan makaranta har na yi ritaya, kuma na daɗe a cikin kwamitin da ke tantance sababbin ɗalibai, don haka zan gaya maka yadda abin yake ta ɓangaren masu karɓar fom.

Makarantun Katolika ba tsari ɗaya suke bi ba. Akwai waɗanda dayosis take gudanarwa ta ofishinta na ilimi, ita ke ɗaukar shugabanni, ita ke tsara kuɗin makaranta. Akwai kuma irin wadda kake magana a kai, mallakar wata ƙungiya ko kwamitin amintattu, wadda ke tsara kuɗinta da ƙa'idojin ɗaukar ɗalibanta da kanta. Amma cin gashin kan nata bai fitar da ita daga hannun coci ba. Kundin dokokin Cocin Katolika na 1983 ya ce a sashe na 803 babu makarantar da za ta kira kanta ta Katolika sai da amincewar hukumar coci, sashe na 806 kuma ya ba bishop ikon sa ido da kai ziyara ga makarantun Katolika da ke yankinsa, har da waɗanda ƙungiyoyin masu hidima suka kafa. Bishop yana kuma da hannu wajen amincewa da malaman da ke koyar da addini. Amma batun ko za a ɗauki ɗanka, ko nawa za ka biya, ko za a sallame shi idan ya yi laifi, duk wannan yana hannun shugaban makaranta da kwamitin da ke samansa. Idan wata rana ka sami ƙorafi, can za ka kai shi, saboda haka ka tambaya tun yanzu su wane ne a kwamitin, kuma wa ya naɗa su.

Ka kuma gano wace ƙungiya ce ta kafa makarantar, domin kowace da irin tarbiyyar da ta gada. Limaman Jesuit, waɗanda Fafaroma ya amince da ƙungiyarsu a 1540, sun buɗe makarantarsu ta birnin Messina na Italiya a 1548, kuma an san su da zurfafa karatu da koya wa yaro muhawara da bincikar zuciyarsa. Jean-Baptiste de La Salle ya fara tara malamansa a birnin Reims na Faransa a 1680, ya sa suna koyar da yaran talakawa da harshen da suke ji a gida maimakon Latin, kuma mabiyansa ba limamai ba ne, malamai ne da suka sadaukar da rayuwarsu ga aji. Edmund Rice ya buɗe makarantarsa ta farko a birnin Waterford na Ireland a 1802, daga nan 'yan ƙungiyar Christian Brothers suka samo asali. Don Bosco, wanda ya kafa ƙungiyar Salesiyawa a birnin Turin na Italiya a 1859, ya gina tarbiyyarsa a kan zama tare da yara da jan su a jiki domin a tare laifi kafin ya auku. A yau masu irin wannan hidima sun ragu a ƙasashe da dama, har makarantu da yawa sun koma hannun shugabanni waɗanda ba limamai ba. A Ostareliya, alal misali, Christian Brothers sun miƙa gudanar da makarantunsu ga wata hukuma da aka kafa a 2007. Saboda haka sunan waliyyin da ke jikin ƙofa ba zai gaya maka komai ba sai ka shiga ka ga ko gadon yana raye.

Game da takardar baftisma, kada gabanka ya faɗi. Cocin Katolika ta amince da baftismar da aka yi da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a yawancin sauran ɗarikun Kirista, don haka idan an yi wa Iliya, ka kawo takardar da ikilisiyarku ta bayar. Idan kuwa ɗarikarku ba ta yi wa yara sai sun girma, ka rubuta hakan a fili a fom. Wasiƙar Fada kuma, a wurin irinku, wasiƙar fastonku ce take tsaya mata, amma ka kira ofishin ɗaukar ɗalibai ka tabbatar kafin ka wahalar da shi. Abin da ya kamata ka sani shi ne yawancin waɗannan makarantu suna da matakan fifiko a rubuce. Sau da yawa yaran Katolika ne a gaba, musamman waɗanda iyayensu ke halartar coci, sai ƙannen ɗaliban da ke ciki da 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, sai sauran Kiristoci, sai mabiya wasu addinai waɗanda suka yarda da manufar makarantar. Tsarin yana bambanta, kuma akwai waɗanda ba sa ɗaukar kowa sai ɗan Katolika. Ka nemi a ba ka wannan ƙa'ida a takarda, sannan ka tambaye su kai tsaye ko a shekarun baya-bayan nan gurbi yana kaiwa ga matakin da kuke. Amsar wannan tambaya ita za ta gaya maka ko ya dace ka nemi wata makarantar a lokaci guda.

Na sha ganin iyaye suna fara zuwa cocin Katolika wata biyu kafin a rufe karɓar fom, domin kawai Fada ya san fuskarsu. Ina ba ka shawara kada ka bi wannan hanya. A wurin ganawa mukan zaunar da yaro shi kaɗai na ɗan lokaci, mu tambaye shi abin da yake karantawa, da abin da ke ba shi wahala, da inda suke zuwa ranar Lahadi, kuma yaro ɗan shekara goma sha ɗaya bai iya ɓoye irin wannan ba. Iyalin da suka ce mu ba Katolika ba ne, ga dalilin da ya sa muke son makarantarku, sun fi kwanta mana a rai nesa ba kusa ba. Ka tanadi takardar haihuwa da sakamakon jarrabawarsa na shekarun ƙarshe na firamare, kuma idan yana da wata larura ta lafiya ko ta koyo, ka bayyana ta. Ɓoye ta yana cutar da yaron, kuma wasu yarjejeniyoyin sun ba makaranta damar janye gurbin idan ta gano daga baya.

Maman Sadiku ta amsa:

Assalamu alaikum. Malam Bitrus ya gama magana a kan tantancewa, Allah ya saka masa da alheri. Ni zan taɓa ɓangaren ibada ne, domin mu Musulmi ne kuma ɗana ya yi sakandarensa duka a makarantar Katolika ta maza, jeka-ka-dawo.

Baban Iliya, babu wanda ya taɓa ce wa ɗana ya bar addininsa, ko a bayyane ko a fakaice, amma kuma babu wanda ya ɗauke masa halartar abin da makaranta ta ɗauka wajibi. Ana buɗe rana da addu'a. Darasin addini yana cikin jadawali kamar lissafi, ana yin jarrabawarsa, kuma koyarwar Katolika ce ginshiƙinsa ko da an taɓo sauran addinai. Idan an yi babbar ibada ta makaranta gaba ɗaya, a farkon zango ko ranar tunawa da wanda ya kafa ƙungiyar, kowa yana shiga ya zauna cikin natsuwa. Da aka zo wurin cin jibi, wato karɓar gurasar da Fada ke rabawa a ibada, wanda na 'yan Katolika ne kaɗai, ɗana yakan zauna a kujerarsa, wasu abokansa Kiristoci na wasu ɗariku kuma sukan bi layi su harɗe hannuwa a ƙirji, Fada ya gane alamar ya sa musu albarka kawai. Wannan ya shafi Iliya kai tsaye, kuma gara ka bayyana masa a gida kafin ya tsinci kansa a layi bai san abin yi ba, domin yaro a wannan shekarun babu abin da yake gudu kamar ya zama daban a gaban tsaransa.

Abin da na tsaya a kansa kafin mu sa hannu shi ne abin da ya shafi namu addinin. Na tambayi shugaban makarantar inda yaro zai yi sallar azahar, da yadda za a yi da wasannin motsa jiki a watan azumi, da ranakun salla idan sun faɗo cikin zango. Ya ba ni amsa mai daɗi, ni kuma na roƙe shi ya sa a wasiƙa, domin shugabanni suna canzawa, kuma wanda zai zo baya bai san alkawarin da aka yi a baki ba. Ku ma kuna da irin naku tambayoyin. Akwai kwanakin da ake fita da ɗalibai wani wuri domin keɓewa da addu'a, akwai aikin taimakon jama'a da wasu makarantun suke wajabtawa, kuma wani lokaci ana sa wasanni ko taro ranar da ku kuke coci. Ka tambayi wanne ne dole, wanne ne na ganin dama.

Wani abu kuma da ban ga an cika faɗa ba shi ne yaro zai riƙa dawowa gida da tambayoyi. Zai ji ana roƙon Maryamu da waliyyai, zai ji ana maganar Fafaroma ta wata fuska da bai saba ji ba, kuma zai so ya san me ya sa ku ba ku yin haka. Ni ban ɗauki wannan a matsayin illa ba, domin ya sa ni da mahaifinsa mun ƙara zama da shi muna karantar da shi namu. Amma iyayen da ba su da lokacin wannan zama, ko kuma ransu zai ɓaci duk ranar da yaro ya zo da irin wannan magana, ya kamata su sake tunani.

Dauda Akanta ya amsa:

Ina neman afuwar Malam da Hajiya, amma a ganina ba a nan gizo yake saƙar ba. Iyaye da yawa suna ɓata dare suna tunanin addini, sannan su sa hannu a yarjejeniya ba su karanta ba, alhali ita ce za ta ɗaure su shekara da shekaru.

Yaya Baban Iliya, ka raba kuɗaɗen gida-gida. Kuɗin fom yawanci ba a mayarwa ko an ɗauki yaro ko ba a ɗauke shi ba. Kuɗin kama gurbi kuwa, a wasu makarantun ana cire shi daga kuɗin zangon farko, a wasu ana riƙe shi sai yaro ya gama, a wasu kuma ya tafi ke nan. Ka nemi layin da ya faɗi wanne ne naku, da abin da zai faru idan kun fasa kafin a buɗe makaranta. Daga nan ka nemi sharaɗin cire yaro. Makarantu masu zaman kansu da yawa suna buƙatar a sanar da su a rubuce zango guda cur kafin a cire ɗalibi, in ba haka ba a biya kuɗin zangon da bai zauna ba. Ka duba ko wannan sharaɗi yana aiki ko da canjin wurin aiki ne ya tilasta muku tashi, ka kuma duba ko ku biyun da kuka sa hannu kowannenku ana iya bin sa bashin gaba ɗaya. Kada ka yi lissafi da kuɗin bana kaɗai. Ka roƙi su nuna maka yadda kuɗin ya riƙa hawa a shekarun da suka wuce, ka haɗa da kayan makaranta, da littattafai, da kwamfuta idan suna wajabta ta, da tafiye-tafiye, da gudummawar gini, ka ga ko za ka iya ɗauka har aji na ƙarshe, musamman da yake Iliya na fari ne kuma akwai na bayansa. Cire yaro a tsakiya saboda kuɗi ya fi ƙin sa shi tun farko ciwo.

Kada kuma ka ji kunyar tambayar rangwame. Kamar yadda Malam ya nuna, yawancin ƙungiyoyin nan domin yaran talakawa aka kafa su, kuma makarantu da yawa suna ware wani kaso domin iyalai masu ƙaramin ƙarfi. Wannan daban yake da tallafin da ake ba yaro saboda hazaƙa, kuma kowanne da fom ɗinsa da ranar rufewarsa, wadda sau da yawa takan riga ta neman shiga. Har akwai irin makarantar Regis ta limaman Jesuit a birnin New York, wadda tun kafa ta a 1914 ba ta karɓar kuɗin makaranta, sai dai ita yaran Katolika take ɗauka.

Abu na ƙarshe yana da nauyin faɗa, amma uba ba zai tsallake shi ba. Rahoton Ryan da aka fitar a ƙasar Ireland a 2009, da binciken da hukumar gwamnatin Ostareliya ta gudanar daga 2013 zuwa 2017, sun tona cin zarafin yara da aka yi a cibiyoyi daban-daban, ciki har da waɗanda ƙungiyoyin Katolika suke gudanarwa, da yadda aka riƙa rufa-rufa. Bayan haka an tsaurara dokoki, kuma a 2019 Fafaroma Francis ya wajabta wa limamai da masu hidima kai rahoton irin wannan zargi ga hukumomin coci. Wannan ba hujja ba ce ta zargin makarantar da kake nema, amma hujja ce ta yin tambaya. Ka nemi ganin ƙa'idarsu ta kare yara, ka san sunan jami'in da yaro zai je wurinsa idan wani abu ya dame shi, ka tambayi yadda ake bincikar ma'aikata kafin a ɗauke su, da ko suna kai rahoto ga hukumomin gwamnati. Idan ta kwana ce, ka ƙara da tambayar wa ke kwana kusa da yara, da irin ikon da aka ba manyan ɗalibai a kan ƙanana. Makarantar da ta san abin da take yi za ta amsa ba tare da ɓata fuska ba.

Malama Rahila ta amsa:

Ba a tambayi wannan kai tsaye ba, amma tunda makarantar ta maza zalla ce, bari in sa baki a taƙaice. A 2014 wasu masu bincike a Amurka sun tattara nazari 184 da suka shafi ɗalibai kimanin miliyan 1.6 daga ƙasashe 21, suka gano cewa idan aka yi la'akari da halin gidan da yara suka fito da ƙoƙarinsu kafin su shiga, bambancin sakamako tsakanin makarantun jinsi ɗaya da na haɗaka kaɗan ne ƙwarai. Ma'ana, idan makarantar tana da kyau, malamanta da shugabancinta da irin ɗaliban da take zaɓa ne suka sa, ba rashin 'yan mata ba. Akwai yaran da suke sakewa a cikin maza, su shiga ƙungiyar waƙa ko wasan kwaikwayo ba tare da jin nauyi ba, akwai kuma masu sanyin hali da suke shan wahala inda ƙwallo da ƙarfin jiki ne ma'aunin daraja. Ranar da za ku kai ziyara, Baban Iliya, ku je lokacin da ake karatu, ku tsaya ku ga fitowar yara lokacin hutun tara, ku lura da yadda manya suke yi wa ƙanana magana a inda babu malami kusa.

Baban Iliya ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kira ofishin makarantar, sun tabbatar mini cewa wasiƙar fasto ta wadatar, sun kuma turo mini matakan fifikonsu, inda muka faɗo a mataki na uku. Matar da na yi magana da ita ta ce mai yiwuwa a sa mu a jerin masu jiran gurbi. Malam, ranka ya daɗe, idan haka ta faru, me ya kamata mu yi?

Malam Bitrus ya amsa:

Ka fara tambayarsu yadda suke jera masu jiran. Wasu suna bin ranar da aka miƙa fom, wasu kuma suna bin matakan fifikon, wanda ke nufin ɗan Katolikan da ya nema bayanku yana iya shiga gabanku. Ka amsa wasiƙarsu a rubuce cewa kuna nan a kan bakanku, ka aika musu da sabon sakamakon Iliya idan ya fito, ka kuma sanar da su idan lambar wayarka ta canza, domin idan gurbi ya samu sukan ba iyaye 'yan kwanaki ne kawai su amsa. Gurabe sun fi buɗewa bayan ranar ƙarshe ta biyan kuɗin kama gurbi, da kuma dab da komawa makaranta, lokacin da iyalan da suka riƙe wuri biyu suke sakin ɗaya.

A halin yanzu ka karɓi gurbi a wata makarantar da kuka yarda da ita, amma ka karanta sharaɗin fasawarta kamar yadda Dauda ya bayyana, domin ka san abin da za ka rasa idan waccan ta kira ku daga baya. Ka kuma tambayi ko sunansa zai ci gaba da zama a jerin zuwa shekara ta gaba ko sai an sake cike fom, domin ana samun gurbi a aji na biyu da na uku idan wasu iyalai sun tashi, kuma masu nema a lokacin ba su kai na shekarar farko yawa ba.